Kawu Mai Zane da Bangon da Ya Tsage

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu a Isa a ƙarshen bazarar nan, ana dab da zubowar ruwan farko. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

A da, idan babban mutum ya rasu a ƙasarmu, masu ta'aziyya kan zauna su miƙe ƙafa, a sha fura, a yi ta tuna mamaci har rana ta yi sanyi. Zaman makokin Kawu bai zama haka ba. Kowa ya zauna yana satar kallon rana. Mutanen Sabon Birni sun zo cikin mota guda, direbansu ko saukowa bai yi ba, ya ce in la'asar ta riske su a Isa to kwana ya kama su, domin ba mai bin hanyar nan da yamma saboda mutanen daji. Wasu da yawa ba su zo ba sam. Sun yi ta kira a waya, sabis yana ɗaukewa a tsakiyar addu'a, mu ce amin ba mu san ko an ji mu ba.

Ina cikin gida tare da Hajiya, matar Kawu, sai aka ce wani tsohon hedimasta daga Tozai yana son ya gaishe ta. Aka rako shi har bakin ɗaki, ya durƙusa da ƙyar, yana dafe da sanda.

"Hajiya, ya munka ji da haƙuri?"

"Da godiya, Malam."

"Allah shi jiƙan shi. Na tsufa ina koyarwa cikin ajin da ya zana, iska bai taɓa ɗauke muna kwano ba." Ya share ido da bakin riga. "To yanzu in bango ya tsage, wa za mu kira?"

Hajiya ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

Bayansa wani ɗan kwangila ya shigo, dattijo mai ƙiba, wanda na san sun daɗe ba sa ga maciji da Kawu. Ya yi addu'a, sannan ya ce, "Gaskiya dai a hwaɗe ta, mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba sau ɗaya ba ya sa na rushe bangon da na gama ɗagawa, wai kwaɓin bai yi ba." Ya yi dariya, dariyar ta juye masa kuka, sai da aka kama shi aka fitar.

A can lungun tsakar gida kuwa wata mata 'yar Gangara, wadda muke kira uwar tagwaye, tana ta rusa kuka har tsofaffi suka tsawata mata, suka ce kuka irin wannan ba ya yi wa mamaci amfani. Ba danginmu ba ce, amma a gidan take zaune. Za ni zo ga labarinta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ba a rubuta sunan mai zane a jikin gini. Allon da ake kafawa sunan wanda ya zo buɗewa yake ɗauka. Yara za su ci gaba da karatu a ajujuwan Kawu, mata su ci gaba da haihuwa a ɗakunansa, ba wanda zai san an yi wani mutum da ya hana kansa sukuni saboda su. Ni ungozoma ce, ba marubuciya ba, amma abin da na gani za ni faɗa.

Kakanmu malamin allo ne, gidanmu gidan karatu ne tun kaka da kakanni. 'Ya'yansa maza biyu. Babban ya gaji karatu, shi muke kira Kawu Malam. Ƙaramin, wato Kawun da ya rasu, shi aka bayar boko lokacin da aka ce kowane gida ya kawo yaro. Innata ta ce tun yana ƙarami idan aka aike shi sai an bi sawu, a tarar da shi tsugune yana kallon masu ginin rumbu, aiken kuwa ya manta. Ya yi karatun zanen gine-gine a Zariya, ya kama aiki a Sakkwato. Abokan karatunsa suka bazu manyan birane suna zana benaye da otal-otal, shi kuwa ya yi ta roƙo har aka mayar da shi gida. Abin da ya ƙare rayuwarsa yana zanawa shi ne ajujuwan firamare, ɗakunan shan magani, ofisoshin gunduma, rumfunan kasuwa. Daga Isa zuwa Sabon Birni da ƙauyukan da ke tsakani, da wuya ka shiga gari ba ka ga hannunsa ba. Mutane suna ce masa Injiniya, yana gyara musu har ya gaji. Daga baya wani ya laƙaba masa Mai Zane, sunan ya bi shi.

Kawu mutum ne mai fargaba, kuma ba ya ɓoye ta. Idan ya shiga ɗaki, kafin ya gama amsa gaisuwa idonsa ya riga ya zagaye silin. Yana da makullin mota da yake ƙwanƙwasa bango da shi, ya kara kunne, ya matsa gaba ya sake ƙwanƙwasawa. Ya taɓa yin haka a gidan surukaina ranar da ya je maganar aurena, har mijina ya ɗauka wani sharaɗi ne na aure. Da damina kuwa sai a hankali. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas sai ya ture kwanon tuwo, ya fita tsakar gida ya tsaya, hannuwa a baya, yana kallon sama. Washegari da sassafe ya hau kiran hedimastoci da masu kula da asibitoci.

"Kwano na nan? Je ka duba bayan aji. Ruwa ya kwanta gindin bango? Kada ka ce mani a'a daga ofis, tahi ka gani da idonka."

Hajiya takan ce sauran mata damina albarka take kawo musu, ita kuwa ciwon miji take kawo mata. Na taɓa yi masa magana a kan haka, na ce Kawu, ai ka gama naka tunda ka zana, sauran na Allah ne. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke in kin yi kuskure wurin aikinki, rai guda ne ko biyu, kuma Allah shi tsare. Ni in na yi kuskure, aji guda ne."

Yana da wata magana da yake yawan maimaitawa, wai ruwa ba shi manta hanyatai. Kafin ya zana komai sai ya nemi tsofaffin gari su nuna masa inda ruwa yake bi a shekarar da aka fi ruwa. An sha nuna masa fili mai kyau a bakin hanya ya ƙi, ya zaɓi wani tudu can gefe, a yi ta jin haushinsa.

Sai da na fara aiki a ɗakin haihuwar da shi ya zana na gane wani abu game da shi. Tagogin ɗakin a sama suke, iska na shiga amma mai wucewa ba ya ganin komai. Ƙofar mata tana gefe, nesa da bencin da maza ke jira. A bakin ƙofar akwai dakali mai faɗi inda tsofaffin da suka rako mai naƙuda kan zauna su jingina. Na yaba wa Innata tsarin wurin, sai ta yi dariya ta ce ai kakata ce ta sha wahalarsa. Wai lokacin da zai zana ɗakin sai ya tasa mahaifiyarsa gaba da tambayoyi: mace mai naƙuda mi taka so, mi taka jin kunya, ina uwarta ke zama. Har tsohuwar ta gaji ta ɗauko masa muciya.

"Tashi ka ba ni wuri! Namiji mi ya kai ka ga zancen haihuwa?"

Ya tashi, washegari ya dawo da sauran tambayoyin.

Da zamani ya juya, mutanen daji suka fara shiga ƙauyuka, fargabar Kawu ta ƙaru da wani sabon abu. Shi duk makarantunsa a buɗe ya zana su, tagogi manya, ba katanga, yaro yana aji yana hango gonar ubansa. Yanzu kowa katanga yake so, da ƙarafa a taga. A kan wannan ne suka yi faɗan da ba mu taɓa ganin irinsa ba shi da Kawu Malam.

Kawu Malam yana da Islamiyya a bayan gidansa, yara mata sun fi yawa a cikinta. Iyaye suka matsa a kewaye ta, ya kira ƙanensa ya zana masa. Kawu ya kawo zane da katanga yadda aka ce, amma ya sa ƙofa biyu: babba a gaba, ƙarama a baya, tana fuskantar gonakin gero. Tagogin ma ya ce kada a sa musu ƙarfen da ba ya buɗewa. Ina gidan ranar, na kai wa matar Kawu Malam magani, na ji su daga zaure.

"Ƙohwa guda nika so," in ji Kawu Malam. "Ta biyun nan ta ɓarawo ce."

"Yaya, in abu ya taso daga gaba, ta ina ɗiyan mutane za su hita? Su haura katanga da hijabi?"

"Kai kullum sai ka kawo mugun zato. Allah na tsare su."

"Allah na tsare su, shi ya ba mu hankalin yin ƙohwa."

"Ni za ka koya wa tawakkali, ɗan boko?"

Wannan kalma ta ɗan boko ita ta ɓata komai. Tun suna yara Kawu ba ya son ta, domin tana tuna masa cewa shi aka cire daga gaban allo aka bayar. Ya naɗe takardarsa ya ce, "In ƙohwa guda za a yi, a nemi wani shi zana. Ba da hannuna ba." Ya fita bai yi sallama ba.

Iyayen yara ne suka raba gardamar, suka ce a yi yadda Mai Zane ya ce. Aka yi ƙofa biyu. Amma 'yan'uwan nan suka daina zama tare. Suna haɗuwa a masallaci, ƙarami ya gaida babba, babba ya amsa, shi ke nan. Innata ta yi kuka, ta yi roƙo, a banza.

Wata ranar kasuwa aka ji harbi daga wajen gari. Ina asibiti, na ga mutane na gudu ba takalmi, masu rumfuna sun bar kayansu. A Islamiyya malamai suka buɗe ƙofofin biyu, yara suka fita, rabi suka shige cikin gero, ba wadda aka taka, ba wadda ta karye. Abin bai iso cikin gari ba, Allah ya kiyaye. Muka ce to, yau Kawu Malam zai sauko. Kafin ya sauko sai ɓarayin gari suka ɓalle ƙofar bayan nan suka kwashe masa batiran sola da tabarmi. Kowa ya samu hujjarsa ya riƙe. Kawu Malam yana cewa, "Ga ƙohwar ɓarawo, ban hwaɗa ba?" Kawu yana cewa, "Batir ake saye a kasuwa, ɗiya hwa?" Duk ta bakin Innata suke aika wa juna.

Daminar bara ce ta kawo abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Mutanen ƙauyukan wajen Gangara suka gudo, aka sauke wasu a wata firamare a gefen Isa, ɗaya daga cikin na farko-farkon da Kawu ya zana. An tura ni can duba masu ciki. A jerin ajujuwan da ke can ƙarshe na ga bango ya tsage daga kusurwar taga ya gangaro ƙasa, an cusa tsumma a ciki don sauro. Ban san gini ba, amma na tashi a gaban Kawu. Na yi ta shawara da zuciyata, domin a lokacin hawan jininsa ya yi tsanani, ni nake auna shi, kuma ni na hana a riƙa kai masa labari mai tayar da hankali. A ƙarshe na faɗa masa. Ko hula bai tsaya ɗauka ba.

Bai fara shiga ajin ba, bayansa ya zagaya. Ashe gidajen da aka yi daga baya a tudun da ke sama da makarantar sun tare tsohuwar hanyar ruwa, ruwan ya juyo yana bin gindin ginin, ya rarake ƙarƙashin harsashi har mutum yana iya tura ƙafa. Na ga fuskar Kawu ta canja. Ya shiga ciki ya yi sallama. Mata da yara da tsofaffi cike da ajin, ga tukwane, ga buhunan da suka samu suka tsira da su, an rataye wasu a jikin katakon rufi.

"Bayin Allah, ku yi haƙuri," ya ce. "Wanga ɗaki ba a kwana cikinai."

Wata mata da jarirai biyu, ɗaya a goye ɗaya a hannu, ta miƙe. Ita ce uwar tagwaye.

"Baba, mun baro gida, mun baro gona da shuka ta kai gwiwa, na baro mijina cikin ƙasa. Yanzu kai ma korar mu za ka yi?"

"Ba korar ku nika yi ba, ɗiyata. Ni na zana shi, na san shi. Ruwa ya cinye ƙarƙashinai."

Wani tsoho da ke kwance a kusurwa ya ɗago kai. "Alhaji, wanda ya tsere ma bindiga, bango za shi ba tsoro?"

Kawu ya nufi bangon. Ya je ya zare tsumman da ke cikin tsagar, ya tura hannunsa, hannun ya shige har wuyansa, haske ya shigo ta gefe. Matan suka ja yaransu baya.

"Ban san ranar da za shi hwaɗi ba," ya ce. "Yana iya kai baɗi, yana iya zuwa da ruwan yau. In na ce muku na sani, na yi ƙarya. Amma ba ni iya komawa gida in ci tuwo kuna nan."

"To ina za mu?" in ji uwar tagwaye.

Sauran ajujuwan a cike suke, ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Mai kula da wurin ya ce ba shi da iko sai ya ji daga sakatariyar ƙaramar hukuma, aka kira sakatariya aka ce a bari sai Litinin. Ga gabas ta fara yin baƙi, iska ta fara kaɗa ledoji a filin makaranta. Na kama hannun rigar Kawu na ce ya zauna. Ya fizge ya ce, "Ku ɗauki kayanku ku biyo ni."

Haka muka ratsa gari, shi a gaba, ni a gefensa, bayanmu mata da ƙunshin kaya a ka, mutane suna fitowa ƙofar gida suna kallo. Hajiya tana tankaɗe a tsakar gida sai ganin jama'a ta yi suna shigowa.

"Alhaji, ko shawara?"

"Hadari bai ba ni lokacin shawara ba, Hajiya."

Ta dube shi, ta dubi jariran nan, ta ajiye rariya ta ce a ɗauko mata babbar tukunyar biki. Ta yi kwanaki ba ta amsa masa magana sai da ka, amma ba wanda ya kwana da yunwa a gidanta. Aka cika zaure, aka cika garejin mota, aka fitar da teburin zanensa baranda aka shimfiɗa tabarmi a ɗakin. Duk da haka wuri bai isa ba. Kawu ya tsaya yana kallon waɗanda suka rage a waje, yayyafi ya fara sauka. Sai ya ce mini, "Raka ni gidan Yaya."

Muka tarar da Kawu Malam a zaure da littafi a gabansa. Kawu ya cire takalmi ya durƙusa kamar yadda yake yi tun suna yara, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ce yana roƙon aron ajujuwan Islamiyya. Kawu Malam ya dube shi ta saman tabarau. Ni kuwa ina tsoron abin da zai fito daga bakinsa.

"Ta wace ƙohwa za su shiga," ya ce, "tawa ko taka?"

Kawu ya yi dariya har da tari. Kawu Malam ya miƙa masa makullai, ya ce, "Tashi, ƙanena, ƙasa da sanyi." Faɗan ya ƙare a nan, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri.

Aka yi ruwa ranar kamar da bakin ƙwarya. Da safe muka je, ginin yana tsaye. Damina ta ƙare yana tsaye. Kawu ya kawo kafinta aka tokare bangon da katako, aka buga wa ƙofofin ƙusa, ya yi ta zarya sakatariya yana roƙon a rushe jerin ko a gyara hanyar ruwa. Kullum a ce masa ana dubawa. Cikin gari kuwa aka fara magana. Wasu suka ce tsufa ne ya kama Mai Zane, ya tayar da hankalin bayin Allah a kan bangon da ko gezau bai yi ba. Maganar ta kai kunnensa. Na ɗauka zai ji ciwo, sai ya ce mini, "Allah shi sa su yi ta yi mani dariya har in mutu. Ranar da za su ce na yi gaskiya, ita nika tsoro."

Da rani yawancin baƙin suka samu inda suka raɓa, wasu suka wuce Sakkwato, wasu suka tsallaka wurin dangi a Nijar. Uwar tagwaye ba ta da kowa, ta zauna. Kawu ne ya saya wa tagwayen ragunan da ba a yanka musu ba ranar suna, domin a kan hanyar gudu sunan nasu ya faɗo.

Duk ranin nan jikinsa na ja baya. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa nauyi. Duk da haka kowane mako sai ya sa an kai shi makarantar ya duba tsagar. Ya ja layi da alli a bakinta don ya ga ko tana buɗewa. Tana buɗewa, a hankali. Na yi masa faɗa, na ce za ni ɓoye makullin motar, ya ce to zai taka da ƙafa.

Ranar da abin ya zo, ya dawo daga can ke nan bayan azahar, ya zauna a zaure ya ce ƙirjinsa. Muka ɗauke shi zuwa asibiti. Likita ya duba ya ce wannan sai Sakkwato, kuma da gaggawa. Lokacin la'asar ta wuce. Mijina ya je tasha, ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka san Kawu, waɗanda 'ya'yansu ke karatu a ajujuwansa. Kowa ya ce a yi masa rai, ba ya iya bin hanyar sai gari ya waye. Ban ga laifinsu ba, su ma da iyali. Mijina ya ce shi zai tuƙa da kansa. Kawu ya ji, ya ɗaga hannu.

"Ba ka kai ɗiyata cikin daji saboda tsoho. A jira safiya."

Aka kwantar da shi a ɗakin maza, shi ma zanensa ne. Hajiya na gefe guda, Kawu Malam na ɗaya gefen yana karatu a hankali. Can na ga ya ƙura wa sama ido, na matso na ce Kawu, mi kake so? Ya ce, "Wanga silin ya sha ruwa. Ki hwaɗa musu kamin damina." Na ce to. Daga nan bai ƙara zancen duniya ba. Yayansa yana laƙƙana masa kalmar shahada yana bi, har ya daina. Bai kai safiyar ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki na koma aiki. Cikin kwanakin nan aka sake tayar da wasu ƙauyuka, sababbin mutane suka shigo Isa, aka tura ni makarantar nan duba masu ciki. Tun daga nesa na hango shanya a tagar jerin ƙarshe. An ɓalle ƙusoshin, an shiga. Katakon da aka tokare bango da shi ma an cire wasu an yi girki, domin itace ya yi wuya tunda ba mai shiga daji.

Na shiga na yi sallama, na faɗa musu abin da na sani. Ba ni da muryar Kawu, kuma ba ni na zana ba. Suka saurare ni cikin ladabi, sannan wata dattijuwa ta ce, "Malama, an ce mana bara ma haka anka hwaɗa, ga shi nan tsaye." Na nuna mata layin alli, na nuna mata inda tsagar ta wuce shi. Ta duba ta ce, "To ina za mu?"

Na dawo gidan Kawu na tarar da Hajiya a ɗakinta cikin takaba. Ban so in ɗora mata ba, amma ta ga fuskata ta ce in faɗi. Na faɗa. Sai ta kira uwar tagwaye ta ce a share zaure da gareji.

"Ki hwara kawo masu jarirai da masu ciki," ta ce mini. "Sauran ki tahi wurin Malam."

Kawu Malam ya ba da makullai tun ban gama bayani ba. Uwar tagwaye ce ta bi ni makarantar, ita ta yi musu magana da irin harshensu, ta ce ita ma a kusurwar nan ta kwana. Da yawa suka yarda suka tashi. Na je sakatariya, an ce ana dubawa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ya ji tsoro a kan 'ya'yan mutane tsawon rayuwarsa, ka amintar da shi daga tsoron kabari da na ranar tsayuwa, ka yalwata masa makwanci, ka ba Hajiya da mu duka haƙurin rashinsa.

Har zuwa yau da nake wannan rubutu akwai iyali guda da suka ƙi tashi daga ajin ƙarshe, wani tsoho makaho da surukarsa da jikoki. Tsohon ya ce ya gaji da tashi, inda ya sauka nan za a ɗauke shi. Jiya an yi yayyafi, manoma sun fara gyara kwashensu na noma. Gobe da safe za ni koma wurin tsohon, Kawu Malam ya ce zai raka ni.